Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Walwalar Jama'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka, shugabannin makafi, kurame, guragu da zabiya, da iyayenmu mata da suka goyo 'ya'yansu suka zo tun da sassafe. A madadin wannan ƙungiya ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ka gafarce ni da ban miƙe na tarbe ka ba, shan inna ce ta ba ni izinin zama tun ina ɗan shekara uku.

Wannan gangaren katako da ka gani a bakin ƙofa, shekaranjiya aka kafa shi saboda zuwanka. Shekara da shekaru a nan muke taro, kuma duk ranar taro sai samari huɗu sun cicciɓe ni da keken nawa kamar buhu sun haye matakala. Yau da kaina na shigo. Ka ga kenan ziyararka ta fara amfani tun kafin ka ce uffan.

Ranka ya daɗe, ba mu da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da babbar nakasa, wato ɗaya cikin kowane mutum shida. Abin da wannan lissafi bai nuna ba shi ne tsadar rayuwar tamu. Ni da maƙwabcina mai ƙafa biyu za mu iya karɓar albashi iri ɗaya, amma shi zai taka ya je aiki, ni kuwa sai na ɗauki abin hawa, wani lokacin ma a caje ni kuɗin mutum biyu saboda keke. Makaho yana biyan ɗan jagora. Kurma yana sayen batirin na'urar ji, in zai ga likita ya nemi tafinta. Zabiya ba ta rabuwa da man kariya daga rana, domin cutar kansar fata ba ta wasa. Uwar da ke da yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa kan ajiye sana'arta gaba ɗaya, gidan ya rasa hannu guda mai nema a daidai lokacin da hidima ta ƙaru. Idan muka ce a tallafa mana da kuɗi, wannan giɓin muke nufi a cike.

Kuma an riga an yi mana alkawarinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a ranar 13 ga Disamba 2006 ta fara aiki a 2008, ta faɗa a sashe na 28 cewa gwamnati ta taimaka wa matalautan cikinmu da iyalansu wajen ɗawainiyar da nakasa ke jawowa. Ƙasashe sama da 180 sun amince da ita, har da tamu. Duk da haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gano a rahotonta na 2021 cewa a cikin masu matsananciyar nakasa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke karɓar wani alawus.

Mun ga rabon kaya iri-iri. A tara mu a rana, a ɗauki hoto, a watse, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Muna godiya, amma ba a tsara rayuwa a kan abin da ba a san ranar zuwansa ba. Ƙaramin alawus da zai riƙa shiga hannun mai shi kowane wata ya fi mana babbar kyauta ta rana ɗaya, domin da shi mutum zai iya cewa wata mai zuwa zan canja taya, na gaba in biya kuɗin makaranta. Sannan kada a yanke shi ranar da mutum ya sami aiki. Ƙafata ba ta warkewa don na fara karɓar albashi, kuma in aka yi haka an koya wa mutane tsoron neman aiki ne.

Batun keke ma yana son gyara. An taɓa ba ni wani sabo fil, na asibiti, ba a auna ni ba. Ya yi mini faɗi, ba matashi a mazauninsa, cikin wata biyu ya fitar mini da gyambon da ya kwantar da ni, ƙafar gabansa ta karye kuma babu inda ake sayar da irinta. Rahoton Hukumar Lafiya da UNICEF na 2022 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ba sa samun kayan taimakon da suke buƙata. A cikin waɗanda suka samu ma, a tambaye su ko ya yi musu daidai.

Sai bankuna. Sashe na 12 na waccan yarjejeniya ya ba mu ikon juya dukiyarmu da neman rance kamar kowa, amma har gobe akwai makahon da ake ce wa ya je ya zo da mai ido kafin a buɗe masa asusu. Ina zai kai ƙara? Muna buƙatar ofishin karɓar koke mai lauya kyauta, mai tafintan maganar hannu, da takardu cikin rubutun makafi na Braille, kuma a ƙasa, ba a hawa na biyu ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranka ya daɗe. Sashe na 4 ya wajabta a tuntuɓi ƙungiyoyinmu kafin a tsara abin da ya shafe mu, don haka muna roƙon kujera a teburin da ake rubuta kasafin kuɗi, tun kafin a rufe shi.

Bayan jawabinka za mu kai ka bayan zaure ka ga inda matasanmu ke gyaran kekuna da sanduna. Gangaren nan kuma, muna roƙo ka sa baki kada a cire shi in ka tafi.

Bismillah, mai girma Minista, muna saurare.