Daga Fanisau Zuwa Agadas: Me Ke Riƙe Sansanin Bakin Iyaka?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da iyayena da ke sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai, Allah ya saka da alheri da kuka taso cikin wannan rana.

An nemi in yi magana a kan sansanonin da hukuma ke kafawa nesa da gari, a bakin iyaka ko tsakiyar hamada. Da Fanisau zan fara, ga ta nan arewa da birni. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, shi ya mai da ita ribaɗi, wato garin tsaro mai ganuwa, domin Ɗan Tunku, wani shugaban Fulani da ya ƙi yi masa mubaya'a, ya hana arewacin ƙasar Kano sakat. A can ma Baturen nan Clapperton ya je ya gaida shi a 1824. Ku lura, sarki da kansa yake zuwa ya tare a wurin da haɗarin yake. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi da Wurno, ya zauna can, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

To me ake zubawa a ribaɗi? Mayaƙa, i, amma da iyalansu. A kawo liman da malamin allo, a kawo maƙera da masaƙa, a zaunar da Fulani makiyaya, a yanka gonaki, kasuwa ta fara ci. Da damina a yi noma, da rani a tsare hanya, domin da rani mahara suka fi fitowa. Gaskiya ɗaya ce, akwai bayi da yawa cikin waɗanda aka zaunar, ba da son ransu ba, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. Amma ta fuskar tsaro, mutumin da rumbunsa da 'ya'yansa ke cikin ganuwa ba sai an roƙe shi ya tsaya ba.

Kuma kada ku ɗauka wurin yaƙi ne kawai. Takai, wadda aka ƙarfafa saboda hare-haren Ningawa, nan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya tara magoya bayansa a 1893 da basasar neman sarautar Kano ta tashi. Daga wannan tafiya Alu Babba, ɗan'uwan Yusufu wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa, ya shigo Kano a 1894. Wurin da aka gina don kare birni, daga shi aka ci birnin. Duk inda ka tara makamai da mazaje nesa da idonka, ka kafa wata fada ko ba ka yi niyya ba.

Mu zo zamaninmu. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Sojoji suka yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023, a Maris ɗin 2024 suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, kafin ƙarshen Agusta Amurkawa sun miƙa wurin sun tafi. Ba a harba musu ko harsashi ɗaya ba. Takarda ce ke riƙe da sansanin, da aka yaga ta sai ya faɗi. Jibuti kuwa haya take karɓa, saboda tana bakin mashigar Babul Mandab, ƙofar shiga Bahar Maliya: Faransa na nan, Amurka na nan, Japan na nan, Sin ma ta buɗe nata a 2017.

Amma abin da ya fi ci min rai namu ne na gida. A Nuwambar 2018 mayaƙan ISWAP, wani ɓangare na Boko Haram, suka afka wa sansanin Metele a arewacin Borno, sojojinmu da dama suka kwanta dama, Allah ya jiƙansu. A 2019 rundunar soja ta janye daga ƙananan sansanoni, ta tattara dakaru a manya. Na fahimci dalilin, domin 'yan tsirarun sojoji a daji, agaji na nesa, ai an miƙa su ne. Sai dai da soja ya tashi, ƙauye ya zama na wanda ya zo da bindiga. Shi zai karɓi haraji a hannun masunci da mai noman tattasai, shi zai yi shari'a. 'Yan kasuwarmu da ke sayo kifin Baga sun san yadda wannan hanya ta koma.

Saboda haka idan kuka ji an ce za a kafa sabon sansani a wani daji na Zamfara ko Katsina, ku yi tambayoyin da Dabo zai yi. Akwai rijiya? Motar abinci za ta iya isa a watan Agusta, ruwa na tsakiya? In an kawo hari da tsakar dare, daga ina agaji zai taso, kuma awa nawa zai yi a hanya? Manoman da ke kewaye sun yarda da sojan nan har su rada masa abin da suka gani a daji, ko tsoronsa suke ji kamar yadda suke tsoron ɗan bindiga?

Na ga ladan ya miƙe. Bayan la'asar, in Allah ya yarda, sai mu karɓi tambayoyinku.