Sharhi: Manjulika ta 2007 da Manjulika ta 2022

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan finafinan Indiya ne guda biyu masu suna ɗaya, Bhool Bhulaiyaa na shekarar 2007 da kashi na biyunsa da ya fito a watan Mayun 2022. Duk wanda bai kalle su ba ya yi haƙuri, domin zan tona ƙarshen labaran biyu. Idan ba a taɓa ƙarshen ba, ba za a iya auna su da adalci ba.

Na farkon Priyadarshan ne ya ba da umarninsa, kuma labarin aro ne daga wani fim na harshen Malayalam mai suna Manichitrathazhu, wanda Fazil ya yi a 1993. Siddharth da matarsa Avni sun dawo daga Amurka, suka dage sai sun zauna a tsohon gidan sarautar kakanninsa, duk da gargaɗin dangi. A gidan akwai ɗakin da aka garƙame shekara da shekaru, wai a nan aka ɗaure fatalwar Manjulika, wata 'yar rawa daga Bengal da sarki ya sare kan masoyinta a gaban idonta. Avni ta samu makulli ta buɗe. Daga nan aka fara jin ƙarar ƙarau da waƙa cikin dare, kaya na fashewa, tufafi na kamawa da wuta. Dangi suka ɗora zargi kan Radha, yarinyar da aka rena a gidan, wadda kowa ya zaci ita Siddharth zai aura.

Akshay Kumar, wanda shi ne babban sunan da ke jikin fim ɗin, bai ma bayyana ba sai da labari ya kusa kaiwa rabi. Ya zo a matsayin Dakta Aditya, likitan ƙwaƙwalwa, mai yawan wasa kamar wanda bai san abin da yake yi ba. Amma yana raha yana lura. Ya bi sawun Avni har garin da ta taso, ya gano yadda ta girma cikin kaɗaici da tatsuniyoyin kakarta, sannan ya faɗi abin da ya girgiza gidan: babu wata fatalwa. Avni ce ke fama da larurar da kan raba mutum gida biyu, har ta ɗauki kanta a matsayin Manjulika, ta ɗauki mijinta a matsayin azzalumin sarki.

A nan ƙarfin fim ɗin yake. Ku tuna wurin da Siddharth ya hana ta fita sayayya da gangan, don ya ga abin da likita ya gaya masa da idonsa. Vidya Balan, wadda ta fito a Avni, ta fara da tambaya a hankali, muryarta ta yi kauri, harshenta ya juye zuwa Bengali, ta ɗaga gado da hannu ɗaya. Can sai ta dawo hayyacinta, ta dube shi a tsorace, ba ta san me ta aikata ba. Babu wata dabarar kwamfuta a wurin, fuska ce da ido da murya. Mai kallo yana jin tsoronta, yana kuma jin tausayinta a lokaci guda. Haka kuma maganin da aka yi mata. Likita ya haɗa kai da wani babban malamin addinin Hindu, aka shirya mata mutum-mutumi ta sassare shi tana ganin sarki ta kashe, zuciyarta ta huce. Fim ɗin bai raina imanin mutanen gidan ba, bai kuma bar mara lafiya a hannun camfi ba. Wannan aiki ne mai wuya, kuma sun yi shi.

Bayan shekara 15 Anees Bazmee ya karɓi ragama, aka sauya kusan kowa. Kartik Aaryan ya fito a Ruhaan, saurayin da ba shi da aikin fari bare na baƙi, Kiara Advani kuma ta fito a Reet. Motar da ya kamata su shiga ta yi hatsari, dangin Reet suka ɗauka ta rasu, ita kuma ta zaɓi ta bar su a haka don ƙanwarta ta auri wanda ita ƙanwar take so. Suka ɓuya a wani tsohon gidan danginta a Rajastan. Da asiri ya kusa tonuwa, Ruhaan ya ce ai shi yana ganin matattu, nan take gari ya sa masa suna Rooh Baba. Wato a inda na farko ya ba mu likita mai neman gaskiya, na biyu ya ba mu ɗan damfara mai rufe ƙarya da ƙarya. Don ban dariya wannan ya yi, kuma Kartik ya iya rawar ƙafa da zuba. Rajpal Yadav ma ya dawo da rigarsa ta Chhote Pandit, ƙaramin malamin Hindu mai ban dariya na fim na farko, ga Sanjay Mishra a gefensa, kuma akwai wuraren da dole mutum ya dara.

Sai dai a wannan karon fatalwar ta gaske ce. Tana ratsa bango, tana shaƙe mutane, tana shawagi a sama. Da zarar an tabbatar wa mai kallo haka, tambayar da ta riƙe na farko daga farko har ƙarshe, shin aljani ne ko ciwo ne, ta mutu. Abin da ya rage shi ne a razana ka da ƙara, a kwantar maka da hankali da barkwanci, a sake razana ka. Barkwancin ma ya bambanta. A na 2007 dariyar daga tsoron mutanen gidan take fitowa, Paresh Rawal da Asrani suna karkarwa a kan abin da su a wurinsu gaskiya ne, don haka dariya da fargaba tafiya ɗaya suke yi. A na 2022 sau da yawa sai a tsayar da labari a yi wasa, a gama, sannan a koma.

Wadda ta ceci fim ɗin ita ce Tabu, kuma ina faɗin haka da babbar murya. Ta fito a tagwaye, Anjulika da Manjulika. Shekara 18 dangi na girmama matar da ke cikinsu a matsayin Anjulika mai haƙuri, suna tsine wa fatalwar da aka kulle. Ashe wadda ke raye ita ce Manjulika matsafiya, ta kashe 'yar uwarta ta ɗauki sunanta da mijinta, wadda aka kulle kuwa ita ce aka zalunta. Wannan juyi ya yi ma'ana ƙwarai. Duba yadda Tabu ke sunkuyar da kai a gaban manya, da yadda idonta ke sauyawa a lokacin da aka ambaci ɗakin. Wanda ya sake kallo zai ga tun farko tana nuna mana tsoron mai laifi ne, mu ne ba mu gane ba. Da marubutan sun ba wa labarin tagwayen nan fili, suka rage soyayyar Ruhaan da Reet wadda ba ta da wani nauyi, da fim ɗin ya matso kusa da na farko.

A kasuwa kam na biyu ya yi nasara babba, a shekarar da manyan finafinan Hindi da dama suka faɗi, kuma ba na ƙyashin hakan. Amma mu lura da abin da ya jawo jama'a: sunan Manjulika, waƙar Ami Je Tomar da Pritam ya tsara, kiɗan taken fim ɗin, da Chhote Pandit. Duk gadon 2007 ne. An ɗauki kayan adon gidan, an bar ginshiƙin da ya riƙe shi, wato tausayin mace mara lafiya da ƙoƙarin warkar da ita. A ma'aunina na farko ya fi, da tazara mai faɗi, kodayake na biyu ya cancanci kallo ko don Tabu kaɗai. Da aka tashi yin kashi na uku a 2024, Bazmee da kamfanin T-Series sun koma sun ɗauko Vidya Balan da kanta, suka haɗa ta da Madhuri Dixit.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.