Fentin da Aka Yi Shi Don Ya Riƙa Zubar da Guba

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da masunta a Gombe, an rubuto ta daga abin da aka naɗa)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu masunta da suka taso tun daga Dadin Kowa, 'yan'uwana malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Na san wani zai ce, malam, ina ruwan Gombe da teku? Ku yi haƙuri, za mu zo wurin.

Baba, kai ka fi ni sani, kwalekwale in ya daɗe a ruwa gansakuka takan kama cikinsa. A teku abin ya fi haka muni, domin ƙananan halittu masu ɓawo ne ke manne wa jirgi, ya yi nauyi, ya riƙa shan mai. Tun 1761 sojojin ruwan Ingila suka gwada lulluɓe cikin jirgi da fallen jan ƙarfe. A shekarun 1960 kuma aka fito da fenti mai sinadarin da ake kira TBT, wanda kuza ce ƙashin bayansa. Eh, irin kuzar nan ta Jos.

To ku lura da nan. Wannan fenti ba kuskure ne ke sa ya zubar da guba ba, aikinsa ke nan. Kullum sai ya ɗan saki kaɗan cikin ruwa don kada wani abu ya kama jirgin. Guba kuwa ba ta san iyaka ba.

A gaɓar Arkashon ta Faransa akwai masu kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci. A ƙarshen shekarun 1970 'ya'yan kawa suka daina rayuwa, manyan kuma ɓawonsu ya yi kauri ya karkace, naman ya ƙanƙance. Sana'ar gari guda ta durƙushe. Aka bi sawu, sai ga shi fentin ƙananan jiragen shaƙatawa ne da ke kwana a wurin. A 1982 Faransa ta hana shafa fentin a jirgin da bai kai mita 25 ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na dodon koɗin teku a gaɓar Ingila. Ɗalibai, ku bar dariya, ilimi ne: matan suka fara fitar da al'aurar maza. Tsiron ya toshe hanyar ƙwai, uwa ta kasa haihuwa, zuri'a ta ƙare a wasu wuraren. Kuma nawa ne ya yi wannan ɓarnar? Kusan giram ɗaya na TBT cikin lita biliyan ɗaya ta ruwa. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da yarjejeniyar hana fentin TBT a 2001, ta fara aiki a Satumbar 2008. Sai aka koma wa jan ƙarfe, wanda shi ma yana dagula wa kifi jin ƙanshi, alhali da shi yake gane abokin gaba da hanyar gida. Wani sinadarin fentin mai suna Irgarol, mai kashe tsirran ruwa, sai 2023 IMO ta hana shi. TBT ɗin kansa yana nan kwance cikin laka a tasoshin jiragen ruwa shekara da shekaru, duk ranar da aka yashe tasha sai ya taso.

Yanzu mu dawo gida. Kifin ƙanƙara da muke saye a kasuwa daga teku yake. Ruwan Gongola da ya bar Dadin Kowa yana shiga Binuwai a Numan, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ya faɗa teku. Ni a ganina wanda ya kankare tsohon fenti a bakin dam ɗin Dadin Kowa, ko ya zuba maganin ƙwari na gamalin don ya kwashi kifi, aiki ɗaya suka yi da mai jirgin Arkashon. Shi ma ruwan dam lakarsa ba ta mantuwa, kuma daga nan ake turo mana ruwan famfo.

Na ji an kira la'asar. Baba na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, da kai za mu fara in mun dawo.