Yajin aiki: wa ke biyan kuɗin rigimar sandika da gwamnati?

Jama'a, assalamu alaikum. Yau maganar yajin aiki za mu yi, wadda in aka taso da ita mai kabu-kabu zai ce ba ruwansa, mai tuwon sayarwa ma ta ce ba ruwanta, alhali su take fara shafa.

Masu cin albashi a Maraɗi ba su da yawa. Garin 'yan kasuwa ne da manoma da masu sana'ar hannu, yawancinsu ba su taɓa riƙe katin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ba. To ta ina rigimar malamai da gwamnati a Yamai ke iske mai butiki a unguwar Zariya ko Bagalam?

Ta littafin bashi. Mushe, wato malamin makaranta, yana ɗaukar shinkafa da mai da sukari, a rubuta, sai ƙarshen wata. Mai butikin shi ma bashi ya ɗauko wurin babban ɗan kasuwa. Mai gidan haya yana jira, tela yana jira, ga dangi can Dakwaro ko Mayahi da ke sa ran 'yan tiyoyin hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. Albashi ɗaya, baki goma sha. Kuma ku tuna, mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare na ƙasar nan malaman kwantaragi ne. Abin da ake ba su bai kai na cikakken ma'aikaci ba, kuma an sha yin jinkirin biyansa. Idan kuɗin ya makara wata biyu, tun malamin bai ajiye alli ba kasuwa ta riga ta ji a jikinta.

Ba a kwana a tashi da yaji haka kawai. Ƙungiya takan miƙa takardar buƙatunta, a zauna, a ja. Idan an kasa daidaitawa sai ta ba da sanarwar gargaɗi, sannan a ajiye aiki kwana biyu ko uku, a koma, a sake. A kamfanoni, dokar aiki ta 2012 ta tanadi a fara zuwa wurin sufeton aiki ya gwada sulhu. A wuraren da rai ya rataya a kansu, kamar asibiti, doka ta ce sai an bar 'yan kaɗan suna riƙe da aikin gaggawa. Daga ƙarshe a sa hannu kan yarjejeniya, a ɗauki hoto, kowa ya watse.

Ku saurari sanarwar yaji da kyau a rediyo. Sau tari ba sabon abu ake nema ba, cewa ake a cika abin da aka sa wa hannu bara ko bara waccan. Ruwa ba ya tsami banza. A ganina, yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu ba tare da an ware kuɗinta a kasafi ba ta fi yajin kansa ɓarna, domin ita ke haifar da na gaba, kuma ita ke sa malami ya daina yarda da maganar minista ko da gaskiya ya faɗa.

Wahalar kuma ba daidai ake raba ta ba. Idan makarantar gwamnati ta rufe, mai hali ya kai ɗansa ta kuɗi, ko ya ɗauko malami gida da yamma. Sau da yawa ma malamin da ke yaji ne, don shi ma sai ya ci. Ɗan talaka fa? Ya tafi kasuwa dako, ko ya bi iyayensa gona. Ranar jarrabawar BEPC takarda ɗaya za a raba musu, ba wanda zai tambayi wanda ya rasa makonni shida. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi. Jihar Maraɗi tana cikin inda ake aurar da yara mata da wuri ƙwarai, kuma yarinyar da ta daɗe zaune a gida, ba lalle ta koma aji ba. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1990 sun san ɗacin farar shekara, wato shekarar karatun da aka soke, lokacin da bashin albashi ya taru wata da watanni, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Har yau a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, idan malamai suka ajiye aiki ko ɗalibai suka ƙaurace wa aji kan kuɗin tallafinsu, shekarar karatu takan shiga cikin ta gaba, digirin shekara uku ya ja.

A asibiti lissafin ya fi sauƙi, ya kuma fi ciwo. Matar da ta biya kuɗin mota daga Madarumfa da yaro yana zazzaɓi, in ta tarar yau sai na gaggawa kawai ake dubawa, ba ta da kuɗin kilinik. Wurin mai tallar magani za ta ƙare.

Mu kuma a nan har yajin maƙwabta muna sha. Ɗan Isa da Jibiya ƙofa da ƙofa ne. A Janairun 2012, da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tsayar da ƙasar kusan mako guda, har aka dawo da ita 97. A lokacin, duk mai sayen man ruwa-ruwa a bakin titi ya san farashin kwalbarsa can ake yanke shi. A ranar 3 ga Yunin 2024 kuma, kan rigimar mafi ƙarancin albashi, ma'aikata suka kashe babban layin lantarkin Najeriya gaba ɗaya. Wutarmu ta ina take shigowa? Ta layin Katsina.

Kada dai ku ɗauka asara kaɗai ke gangarowa. Bayan kisan ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai, USN, su suka matsa wa gwamnatin Janar Ali Saibu da yaji da zanga-zanga har ta amince da jam'iyyu da yawa, aka kira babban taron ƙasa na 1991. Manomin da ya jefa ƙuri'a a 1993 bai yi yaji ba, amma ya ci ribarsa. Haka a 2005, zamanin Tandja Mamadu, aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago suka haɗa kai, 'yan kasuwa suka rufe shaguna, garuruwa suka yi tsit. Cikin Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta na ruwa da wuta. Abin lura a wannan karon shi ne, buƙatar ba ta ma'aikata kaɗai ba ce, ta tukunyar kowa ce, shi ya sa mai shago ya yarda ya yi asarar cinikin yini.

Mafi ƙarancin albashi ma, wanda ya tsaya kan jika 30 da 'yan kai tun 2012, daga baya an ɗaga shi zuwa jika 42. Sai dai wannan ya tsaya ga mai takardar aiki. Yaron shago da 'yar aikin gida sai labari.

To su wa ke zaune a teburin? Gwamnati, da manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su CDTN da USTN da CNT, wani lokaci da masu kamfanoni. Iyayen yara suna da kwamitinsu a kusan kowace makaranta, amma ba su ke sa hannu ba. Majinyata ba su da wakili. Ni dai ina ganin ko ba a ba su kujera ba, suna da ikon tambaya. Idan kuka ji an ce an daidaita, an janye yaji, ku nemi jin ranar da aka ce za a biya, da ko kuɗin yana cikin kasafin bana. Ku kuma tambayi daraktan makarantar unguwarku yaushe za a rama wa yara darussan da suka wuce su, kuma wa zai biya malamin da zai rama.