Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya je rana ya auno maganaɗisunta?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga wata ɗaliba ce, tana cewa: "Na ga hoton rana da wasu baƙaƙen zaruruwa kwance a kanta, an ce maganaɗisu ne ke riƙe da su. To wa ya je ya auna?"

Malama, babu wanda ya je. Tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan 150 ne, haskenta ne ke iso mu, shi ake titsiyewa ya ba da labari.

Zaruruwan nan iskar gas ce mai kauri, zafinta bai wuce digiri 10,000 ba, tana rataye a sararin da zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya. Da ba don maganaɗisu ya tallafe ta ba, da ta faɗo kan rana.

Ki ɗauka kin kama bakin igiya kina kaɗawa: ko sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko kina murzawa a zagaye. Haske ma haka yake kaɗawa. Na yau da kullum a gauraye yake, amma maganaɗisu yakan sa ya fifita wata fuska. Wannan fifikon ake aunawa.

A 1896 Pieter Zeeman, ɗan ƙasar Holan, ya gano cewa maganaɗisu na tsaga layin launin haske, wato siririn layin da kowane irin sinadari ke nunawa idan aka rarraba haske launi-launi; faɗin tsagar ke nuna ƙarfin maganaɗisun. Da wannan George Hale ya gano maganaɗisu a baƙaƙen tabon rana a 1908, a Kalifoniya. Sai dai na tabo ya kai gaus (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) dubbai, na zare mai natsuwa kuwa 'yan gomomi ne ko ƙasa da haka, tsagar ba ta fitowa sosai. Nan binciken Bajamushe Wilhelm Hanle na 1924 ya yi rana, wanda ni a ganina ya fi ban sha'awa: zaren na karɓar haske daga ranar da ke ƙarƙashinsa ya watsa shi yana kaɗawa ta fuska guda, sai raunanan maganaɗisu ya ɗan juya fuskar, ya kuma rage fifikon. Daga juyin da ragin ake lissafo ƙarfinsa da inda ya dosa. An fi amfani da wani haske da iskar hiliyam ta cikin zaren ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Aikin fa da wuya, don wani lokaci fuskoki biyu mabambanta kan ba da alama iri ɗaya. Ana irin wannan awo da madubin hangen rana na Inouye da ke Hawai, mai faɗin mita 4.

Wani kuma ya rubuto: "Ina da tabarau mai tace ƙyalli, zan iya ganin zaren da shi?"

Malam, kul! Ƙyallin ruwa da na titi yake ragewa, ba ya kare ido daga rana. Kallo kaɗan na iya ƙona ganinka, kuma ba za ka ji zafin ba sai aikin gama ya gama.