Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Yini Guda a Salzburg da Ƙauyukan Bakin Tabki

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Takardarmu ta farko daga wani ɗalibi ɗan Kano ce, mai karatu a birnin Munich na Jamus. Ya ce ya ga ana tallar yawon buɗe ido na yini guda daga Salzburg ta ƙasar Ostiriya, ana zagayawa da mutane wuraren da aka ɗauki fim ɗin The Sound of Music, daga nan a wuce ƙauyukan bakin tabki. Me ake gani, kuma ko ya kai a kashe masa kuɗi?

To malam, tafiyar kusa ce gare ka, domin daga Munich zuwa Salzburg a jirgin ƙasa ba ya kai awa biyu. Shi fim ɗin a 1964 aka ɗauke shi, ya fito a 1965, ya lashe kyautar Oscar biyar. Motar 'yan yawon takan tashi ne daga gefen lambun Mirabell, inda jarumar fim ɗin, Julie Andrews, da yaran suka yi ta tsalle a kan matakala suna waƙa. Lambun nan kyauta ake shiga, ko babu ɗan jagora.

Sai dai ka shirya wa abu guda: gidan da ka gani a fim babu shi a wuri ɗaya. Ƙofar gaba ta fadar Frohnburg ce, bayan gidan mai kallon ruwa a gefen tabkin Leopoldskron aka ɗauka, ɗakunan ciki kuwa a Amurka aka ƙera su cikin ɗakin ɗaukar fim. Fadar Leopoldskron da ke bakin tabkin yanzu otal ce, daga ƙetaren ruwa za a tsayar da ku ku hango. 'Yar rumfar gilashin da aka yi waƙar soyayya a ciki an mayar da ita harabar fadar Hellbrunn, kuma a kulle take, sai leƙe. Inda za ka shiga da ƙafarka ka ga abin yadda yake shi ne majami'ar garin Mondsee, wajen kilomita 30 gabas da Salzburg, inda aka ɗauki ɗaurin auren. A hanya za ku bi ta tabkin Fuschl da garin St. Gilgen a bakin tabkin Wolfgang, mahaifar mahaifiyar Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan. A ganina hanyar nan ce kuɗinka, ba gine-ginen ba.

Ɗan jagora mai gaskiya zai kuma faɗa muku cewa iyalin von Trapp, waɗanda aka gina fim ɗin a kan labarinsu, ba su tsallaka duwatsu da ƙafa zuwa Suwizalan kamar yadda aka nuna a fim ba. A 1938 jirgin ƙasa suka shiga zuwa Italiya, daga baya suka zauna a Vermont ta Amurka. Da sun haura dutsen da ke bayan Salzburg, da Jamus suka faɗa, kusa da gidan hutun Hitler.

Sai takardar wata baiwar Allah daga Damagaram. Ta ce duwatsun nan masu ƙanƙara da ake gani a waƙoƙin finafinan Indiya, nan ne? Hajiya, jerin duwatsun dai ɗaya ne, Alps, amma galibin waɗancan waƙoƙi a Suwizalan aka ɗauke su. Har mutum-mutumin daraktan finafinan Indiya Yash Chopra aka kafa a garin Interlaken a 2016 saboda baƙin da finafinansa suka jawo musu.

Wani mai sauraro daga Kumasi kuma ya ce yana shirin zuwa da iyali, an ba shi zaɓi ya haɗa da Hallstatt, ko ya haɗa? Alhaji, a nan za mu ɗan daɗe. Hallstatt ƙauye ne da ke maƙale tsakanin dutse da tabki, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi daga Salzburg. Shekara kusan 7,000 ke nan ana haƙar gishiri a dutsen da ke kansa, kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Kyau kam ba a magana, har a lardin Guangdong na China an gina kwafinsa a 2012. Amma mazaunansa ba su kai 800 ba, alhali a lokacin zafi baƙi kan kai 10,000 a rana. A 2023 sai da hukumar garin ta kafa katangar katako na ɗan lokaci a wurin da ake cincirindon ɗaukar hoto, mutanen gari kuma suka fito suka tare hanyar shiga don nuna sun gaji. Yanzu manyan motoci sai da izinin lokaci suke shiga.

Idan kun haɗa shi da yawon fim, yinin zai ƙare a mota, ku isa daidai lokacin da lungunan suka cushe, a ba ku ɗan lokaci a ce ku dawo. Da yara, wahala ce. Gara ku ware masa ranarsa, ku yi sammako a jirgin ƙasa. Tashar tana ƙetaren tabki, sai ku shiga ƙaramin jirgin ruwa, garin na matsowa gabanku da hasumiyar majami'arsa da gidajen katako hawa-hawa a jikin dutse. Gidajen nan da mutane a ciki, kada yara su leƙa taga ko su shiga farfajiya.

Ya ƙara da tambayar abinci. Naman da ake turbuɗewa da garin burodi a soya, schnitzel, asalinsa na ɗan maraƙi ne, amma mai araha sau da yawa na alade ne, don haka a tambaya. Kifin tabki gasasshe da dankali ya fi kwanciyar hankali. A riƙe rigar ruwa ko da rani ne, domin Salzburg ta yi suna wajen yayyafi. Ostiriya na cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma Yuro ake kashewa.

Sauran takardun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.