Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu daga Makaɗan Jita na Agadez

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamna, mai martaba Sarkin Abzin, iyayenmu da manyan baƙi. Ranka ya daɗe, barka da sauka. Aikinka a kan al'adun ƙasar nan kowa ya sani, kuma barin Yamai da ka yi don ka ji ta bakin makaɗa ya ishe mu shaida. Saboda haka tun kafin a zuba shayi na biyu za mu faɗi abin da ya tara mu: muna roƙon gwamnati ta gina mana situdiyon ɗaukar waƙa a Agadez.

Ranka ya daɗe, bari mu ba ka labarin ƙungiya ɗaya daga cikinmu, Etran de L'Aïr. A 1995 Aghaly Migi ya kafa ta da 'yan uwansa na jini a unguwar Abalane, can gefen gari. Jita ɗaya gare su, ita ma ba ta lantarki ba. Ganga kuwa babu. Ƙwarya suke kifawa a cikin ruwa, a buga ta da takalmi. Da haka suka shiga gidajen biki da suna, musamman na talakawa waɗanda ba su da kuɗin ɗauko manyan makaɗa, suna dakon kayansu a ƙafa. Sannu a hankali suka sayi jitar lantarki da ganguna, kiɗansu ya ƙara zafi: jita biyu ko uku suna bin juna da gudu, ɗaya ta saki ɗaya ta cafe, mai ganga na kora su daga baya. Waƙa da Tamajak, harshen Abzinawa, suke yi, amma mai kunne zai ji kiɗan Hausa a ciki, zai ji na Zabarmawa, har da salon Kwango. Agadez ke nan, mahaɗar ayari tun kaka da kakanni.

A 2018 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da kundinsu na farko, wanda aka ɗauka a fili cikin unguwarsu. A 2022 suka fitar da na biyu, suka sa masa sunan garin nan. Yau a Turai da Amurka sai an sayi tikiti ake kallonsu.

Ba su kaɗai ba ne, kuma ba da arha muka kai nan ba. Lokacin tawayen Abzinawa na 2007 an wayi gari riƙe jita ya zama abin zargi, makaɗinmu Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Da zaman lafiya ya dawo, a Janairun 2010 ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacinmu, gari ya cika maƙil. Shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa da waƙa ta Amurka. Waƙoƙin makaɗin jita Mdou Moctar kuwa daga waya zuwa waya suka ƙetare Sahara kafin wani kamfani ya san da shi. Matasa a ƙasashen da ba su taɓa ganin raƙumi ba suna kwaikwayon yadda muke taɓa tsirkiya.

To ina ribar Agadez? Baƙo ne zai zo da na'urarsa ya ɗauka ya tafi, ko kuma mai hali ya nemi biza ya je waje. Yaron da ba shi da ko ɗaya, waƙarsa a gidan biki take ƙarewa, da janareta ya mutu shi ke nan. Tsofaffinmu suna rasuwa da waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka ba. Wannan yana yi mana ciwo ƙwarai.

Akwai maganar haƙƙin mallaka, akwai ta tsadar kayan kiɗa, mun rubuta su cikin takardar da za mu miƙa maka. Amma idan ɗaya tak za ka koma da ita Yamai, ranka ya daɗe, to situdiyon ne: ɗaki mai hana ƙara shiga, da wutar hasken rana, da horar da yaranmu biyu ko uku su riƙe na'urorin. Muna roƙo a sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin makaɗan jita na Agadez.